Baƙi Shida a Gidan da Babu Mai Masauki: Nazarin Littafin Sent i november na Tove Jansson

Gabatarwa

Bahaushe ya ce baƙo raɓa ne, wato ya kwana ya wuce, mai gida kuwa yana nan daram. Karin maganar ta ginu ne a kan tabbacin cewa duk inda aka ga baƙo akwai wanda ya tarbe shi, ya ba shi ruwa, ya nuna masa shimfiɗa. To, yaya zaman zai kasance idan baƙi suka taru a gida, kowanne da halinsa da buƙatarsa, suka tarar masu gidan sun yi tafiya ba tare da sun bar ko saƙo ba? Wannan ita ce tambayar da marubuciyar ƙasar Finlan, Tove Jansson, ta gina littafinta na 1970 a kanta. Sunan littafin da harshen Suwidin Sent i november, ma'ana can ƙarshen watan Nuwamba, kuma Kingsley Hart ya fassara shi zuwa Ingilishi a 1971 da sunan Moominvalley in November.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa ƙarfin littafin yana cikin abin da marubuciyar ta hana mai karatu, wato taurarin da ya saba da su. Za a duba yadda ta mayar da rashinsu ya zama jigo, da yadda ta yi amfani da gida guda ta auna halayen baƙinta, sannan a tsaya a kan ƙorafin da aka fi yi wa littafin, cewa ya yi wa yara nauyi.

Marubuciyar da Matsayin Littafin

An haifi Tove Jansson a Helsinki a 1914, ta rasu a 2001. Tana cikin 'yan tsirarun mutanen Finlan masu magana da harshen Suwidin, kuma da shi ta yi rubutunta. Mahaifinta, Viktor Jansson, masassaƙin gumaka ne, mahaifiyarta, Signe Hammarsten-Jansson, mai zane ce. Ita ma Tove mai zane ce kafin ta zama marubuciya, shi ya sa da hannunta ta zana hotunan littattafanta. A 1945 ta fitar da labari na farko game da iyalin Mumin, wasu halittu farare masu taushin hali da ke zaune a wani kwari kusa da teku. A 1966 aka ba ta lambar yabo ta Hans Christian Andersen, wadda ita ce mafi daraja a fagen adabin yara na duniya.

Sent i november shi ne na tara kuma na ƙarshe a jerin ƙagaggun labaran Mumin. A littattafan baya, gidan Mumin gida ne da ba a rufe ƙofarsa. Duk wanda ya zo, komai baƙin halinsa, Maman Mumin za ta ƙara gado, ta ƙara kwano a teburi, ba tare da ta tambaye shi ranar tafiya ba. A littafin da ya gabaci wannan, wanda ya fito a 1965, Baban Mumin ya kwashe iyalinsa zuwa wani tsibiri mai hasumiyar fitilar jiragen ruwa. Saboda haka mai karatun da ya bi jerin ya san inda suke, amma baƙin da suka zo neman su ba su sani ba. Wani abin lura kuma shi ne mahaifiyar marubuciyar, wadda manazarta suka daɗe suna ɗauka ita ce tushen Maman Mumin, ta rasu a 1970, shekarar da littafin ya fito. Ba dole ne a karanta labari ta tagar rayuwar mai shi ba, sai dai wannan gaskiyar tana bayyana dalilin da ya sa shirun gidan yake da nauyi haka.

Baƙin da Abin da Ya Kawo Su

Jansson ta keɓe babobin farko ta gabatar da baƙin ɗaya bayan ɗaya, kowanne a cikin kaɗaicinsa, kafin ta haɗa su. Wannan tsari yana da amfani, domin kafin su fara saɓani mai karatu ya riga ya san ciwon kowa.

Akwai Toft, ɗan ƙaramin yaro maras kowa, wanda ke kwana a ƙarƙashin tamfol cikin wani jirgin ruwa da ke ajiye. Kowane dare yana ba kansa labarin kwarin Mumin da uwar da ke cikinsa, alhali bai taɓa ganin ta ba. Da labarin ya fara dusashewa a zuciyarsa, sai ya kama hanya. Akwai Filijonk, mace mai tsananin tsafta, wadda ta zame daga tagar ɗakin sama tana cikin goge-goge, ta maƙale a kan rufin gida har ta ga mutuwa muraran. Tun daga ranar ta kasa taɓa tsintsiya ko tukunya, kuma idan ta rasa waɗannan ba ta san ko ita wace ce ba. Akwai Hemulen, mai son tsara wa mutane rayuwarsu, wanda ya farka wata safiya ya ji ya gaji da zama kansa. Shi ne mai jirgin da Toft ke kwana a ciki, kuma bai taɓa tuƙa shi ba. Akwai wani dattijo da ya manta sunansa da sunayen danginsa, wanda za mu kira Tsoho Mai-Gunaguni bisa ma'anar sunan da mai fassara ya ba shi. Shi ya gudo ne daga 'yan'uwa masu lallaɓa shi kamar ƙwai, yana neman wata ƙorama da yake tunawa. Akwai Mimbul, wadda ta zo duba ƙanwarta da iyalin Mumin suka riƙe. Na shida shi ne Snufkin, matafiyi mai son kaɗaici, wanda ya bar kwarin da shigowar kaka, ya kuma dawo saboda gaɓoɓi biyar na wani kiɗan ruwan sama da ya kasa samu a ko'ina.

Idan aka cire Mimbul, babu wanda ya zo don ya ba da wani abu. Kowa ya zo karɓa ne. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne kowa ya zo da nasa hoton masu gidan, kuma hoton ya yi daidai da ramin da ke zuciyarsa. A wurin Toft, Maman Mumin uwa ce da ba ta gajiya kuma ba ta fushi. A wurin Hemulen, Baban Mumin aboki ne na hirar maza da zancen teku. Filijonk kuwa tana ɗaukar kanta aminiyar uwar gidan, alhali sanin da ta yi mata bai taka kara ya karya ba. Mutum biyar, iyali biyar mabambanta, kuma babu ko ɗaya da ya dace da iyalin da mai karatu ya sani.

Gida a Matsayin Ma'auni

Muddin mai masauki yana nan, baƙi ba sa bukatar juna, domin kowa shi yake kallo. Da zarar an cire shi, sai ƙananan tambayoyi su zama manya: wa zai dafa, wa zai wanke kwanuka, wa zai kwana a wane ɗaki, wa ke da ikon cewa ga yadda ake yi a gidan nan? Kusan duk rikicin littafin a kan irin waɗannan yake. Babu dodo mai cin mutane, babu ambaliya ko tauraro mai wutsiya kamar a littattafan farko. Filijonk da Hemulen suna sa-in-sa a kan aikin gida, kowanne yana kafa hujja da abin da yake zaton masu gidan za su yi. Hemulen ya kutsa cikin tantin Snufkin ya tare, yana ganin ya sami aboki, ba tare da ya lura cewa ya ƙwace wa mutumin abu guda da ya mallaka ba. Da ya ɗauko allo zai rubuta sunan kwarin ya kafa, sai Snufkin, wanda ya tsani duk wata alama da ke iyakance wuri, ya fusata fiye da yadda kowa ya taɓa gani.

A nan ne marubuciyar ta yi abin da ya fi burge mai nazari. A littattafai takwas an nuna karamcin gidan Mumin kamar wani yanayi ne na Allah, kamar inuwar bishiya da kowa ke shiga ba tare da ya tambayi wanda ya dasa ba. A na tara sai ta janye mai aikin, aikin ya bayyana. Ashe zaman lafiyar da baƙi ke yabo wata ce ke haƙa shi kullum da hannunta, tana haɗiye gajiya, tana sasanta masu husuma, tana tuna abin da kowa ke so. In ba ka, ba gida, kamar yadda ake yi wa wasu kirari. Amma babu wanda ya taɓa yi wa Maman Mumin wannan kirarin sai da ta tafi.

Baƙin sun fara da kwaikwayo. Filijonk ta karɓe madafa, tana ƙoƙarin zama uwa ga Toft, tana shafa kansa cikin ɗari-ɗari, shi kuma yana janyewa, domin yaro ya fi kowa gane kulawar da aka yi don a gani. Hemulen ya duƙufa gina wa Baban Mumin ɗaki a kan wata babbar bishiya, ya sa Toft aikin ciro ƙusoshi, daga ƙarshe ginin ya rufto. Kayan aro ba ya rufe katara. Jansson ba ta yi musu dariyar mugunta ba, amma ba ta kuma bar ko ɗayansu ya yi nasara a cikin rigar wani ba.

Sauƙi ya fara zuwa ne lokacin da kowa ya koma ga abin da yake nasa. Bayan wata liyafa da suka shirya don tunawa da iyalin, inda Filijonk ta nuna wasan inuwa na jirgi yana dawowa da masu gida, sai ta zauna ita kaɗai a madafa cikin dare, ta ɗauki hamonikar Snufkin ta yi ta busawa. Washegari ta tashi ta share gidan kaf, sauran suna taya ta, sannan ta yi sallama. Tsaftar da ta kasance mata kurkuku ta dawo ta zama sana'arta. Hemulen ya shiga teku tare da Snufkin, tsoro da tashin zuciya suka kama shi, ya dawo ya gane cewa ba ya son tuƙin jirgi kuma ba dole ne ya so ba. Snufkin ma ya fahimci wani abu game da iyalin da yake guje wa duk shekara: a tsakiyar hayaniyarsu suna barin sa ya zama shi kaɗai, kuma wannan baiwa ce da baƙin nan ba su da ita.

Madubi da Dabbar Toft

Alamomi biyu ne suka ɗauki nauyin ma'anar littafin. Ta farko ita ce madubi. Tsoho Mai-Gunaguni ya ji cewa akwai wani kakan kakannin Mumin mai shekara 300 da ke zaune a murhun ɗumama gidan, sai ya ƙwallafa rai a kan ganin sa, don a ganinsa shi kaɗai ne zai fahimci tsufa. Ya buɗe wani kabad na tufafi, ya ga tsoho mai sanda yana kallon sa, ya gamsu cewa ya sami aboki mai hankali wanda ba ya katse shi. Hotonsa ne a madubi. Yaro zai yi dariya a nan, kuma ya dace ya yi. Babba kuwa zai ga cewa abin da tsohon ya yi a fili shi ne abin da sauran baƙin ke yi a ɓoye: kowa ya zo neman wani, ya ƙare yana hira da inuwarsa. Da madubin ya fashe a daren liyafa, tsohon bai rushe ba. Daga baya ya yanke shawarar yin barcin hunturu kamar yadda 'yan Mumin ke yi, ya kwanta abinsa.

Alama ta biyu ta fi zurfi. Toft ya tsinci wani littafin kimiyya da ya fi ƙarfin karatunsa, yana magana a kan wata ƙwayar halitta ta teku mai suna numulait. Halittar gaskiya ce: ƙwanson ta mai kama da sulalla yana nan birjik a cikin duwatsun da aka gina dalar Giza da su. Amma a tunanin Toft ta zama dabba ƙarama mai tsoro wadda ke girma duk lokacin da aka yi tsawa. Yana ba da labarinta, tana ƙaruwa, har ta yi haƙora, ta fara zagaya gidan cikin dare. Mai karatu ba ya bukatar a gaya masa cewa dabbar fushin yaron ce, fushin wanda ya yi doguwar tafiya zuwa wurin uwa ya tarar ba ta nan. Ba a kashe dabbar ba, kuma babu jarumin da ya zo ceto. Toft da kansa ya gane cewa ya girmar da ita fiye da yadda za ta iya ɗauka, ya lallashe ta ta koma ƙarama, ta shige cikin ƙwallon gilashin da ke lambu. Tatsuniyoyi da yawa suna koya wa yaro yadda ake guje wa dodo ko a yaudare shi. Wannan labarin yana koya masa abin da zai yi idan shi ne ya haifi dodon.

Ƙorafin Cewa Ya Yi wa Yara Nauyi

Ana iya cewa littafi irin wannan yaudara ce: an sa masa rigar adabin yara, alhali makoki ne na babbar mace. Ƙorafin yana da ƙamshin gaskiya. Labarin yana tafiya a hankali, cikin ruwan sama da duhun ƙarshen Nuwamba, lokacin da yini a Helsinki ba ya kai awa 7. Babobin numulait suna da kalmomi masu tsauri da gangan. Yaron da bai karanta littattafan baya ba ba zai ji zafin rashin iyalin ba, domin ba a kewar wanda ba a sani ba. Ta wannan fuska littafin bai tsaya da ƙafarsa shi kaɗai ba. Haka kuma Mimbul, wadda ta zo a gamshe da kanta ta tafi a gamshe, ta fi kama da kayan aikin marubuciya fiye da tauraruwa mai rai. An ajiye ta ne don ta faɗi gaskiyar da sauran ba sa so su ji.

Duk da haka, ƙorafin ya ginu a kan zaton cewa yara ba su san rashi ba. Duk wanda ya taɓa zama a gidan makoki ya ga akasin haka. Dangi na kusa da na nesa sun taru, waɗanda ba sa ga maciji sun kwana ɗaki ɗaya, ana gardama a kan tukunya da tabarma, kowa yana ba da labarin mamacin kamar shi kaɗai ya san shi, sannan can a lungu akwai yaro da ya yi shiru, wanda kowa ke shafa kansa amma babu mai yi masa bayani. Toft shi ne wannan yaron. Littafin da ya zauna kusa da shi, bai yi masa ƙarya ba kuma bai tsoratar da shi ba, ya cancanci a kira shi littafin yara fiye da wanda ya ɗauke masa hankali da wasa.

Gaskiyar da Mimbul ta faɗa ita ce maɓallin ƙarshen labarin. Ta gaya wa Toft cewa 'yan Mumin ma suna fushi, har da uwar, kuma idan ransu ya ɓaci suna shiga wani daji mai duhu da ke bayan gida don a ƙyale su. Toft ya ƙaryata ta da zafi. Sai bayan kowa ya watse, tsohon kuma ya yi barci, ya shiga dajin shi kaɗai. A can ne hoton uwar da ya ƙera ya narke, ya fara tunanin wata mace daban, mai gajiya, mai damuwa, wadda ita ma wataƙila tana bukatar a taimake ta. Wannan shi ne girman da littafin ke nufi: yaro ya daina tambayar abin da uwa za ta yi masa, ya fara tambayar abin da ke damun ta.

Kammalawa

Labarin ya ƙare da Toft a kan dutse, yana hango wani ɗan haske a teku, fitilar da ke rataye a jikin jirgin iyalin. Ya gangaro zuwa gaɓa da lissafin cewa zai isa a daidai lokacin da zai kama igiyar jirgin. Wasu za su ce marubuciyar ta ji tausayin mai karatu ta sassauta, ta dawo da waɗanda ya kamata su tafi har abada. Amma a duba inda ta ajiye alƙalami. Jirgin bai iso ba, ba a rungumi kowa ba, ba mu ji muryar Maman Mumin ko sau ɗaya ba. Jansson ba ta sake rubuta wani ƙagaggen labari na kwarin ba. Wani littafinta, wanda ya fito a 1972, na manya ne, a kan wata yarinya da ta rasa uwa da kakarta a wani tsibiri. Saboda haka saduwar Toft da iyalin tana nan a rataye har yau, kuma kowane mai karatu zai cike ta gwargwadon abin da rayuwa ta nuna masa.

Abin da ba ya rataye shi ne canjin matsayi. Yaron da ya shigo kwarin a matsayin baƙo mafi ƙanƙanta, wanda ko gayyatar sa ba a yi ba, shi ne ya rage a tsaye a bakin ruwa, kuma masu gidan ne za su sauka a hannunsa. Gidan da ya rasa mai masauki a farkon littafi ya sami wani a ƙarshensa. Raɓa biyar sun bushe ko sun kwanta, ta shida ta zauna ta zama mai tarbar baƙi.